Pamir: Shekara 52 na Jirgin Dako Mai Tafiya da Iska

A ranar 29 ga Yuli, 1905, kamfanin ƙera jirage na Blohm & Voss da ke birnin Hamburg a Jamus ya tura wani sabon jirgi cikin kogin Elbe, aka raɗa masa suna Pamir, sunan wasu tsaunuka na tsakiyar Asiya. Gangar jikinsa ta ƙarfe ce, tsawonsa ya haura mita 114, faɗinsa mita 14, kuma yana iya ɗaukar kaya wajen tan 4,500. Ba shi da injin da zai tura shi. Abin da yake da shi ginshiƙai huɗu ne na ƙarfe, mafi tsawonsu ya tashi sama da mita 50, aka gitta wa uku daga cikinsu manyan sanduna, aka ɗaura filafilai sama da 30, wato ƙyallaye masu kauri da ke tare iska, waɗanda in an shimfiɗa su a ƙasa za su rufe murabba'in mita 3,800. Jirgin ya yi shekara 52 a duniya, ya ratsa hannun ƙasashe huɗu, kuma a tsawon wannan lokaci jikinsa bai sauya sosai ba. Abin da ya yi ta sauyawa shi ne kayan da ake loda masa, da yadda ake loda su, da irin mutanen da ake damƙa wa ragamarsa, kuma nan ne wannan nazari zai fi tsayawa.

Mai karatu zai iya tambayar dalilin da zai sa ɗan kasuwa mai hankali ya zuba dukiyarsa a jirgin iska a 1905, alhali jirage masu inji sun riga sun ƙwace mafi yawan hanyoyin teku tun bayan buɗe mashigin Suwez a 1869. Lissafi ne ya sa. Jirgi mai inji na wancan zamani kwal yake ci, kwal kuwa sai an saya, kuma yana cinye wurin da ya kamata a zuba kaya, sannan in tafiya ta yi nisa dole a tsaya a hanya a ƙaro. Don haka akwai sauran kasuwa ga jirgin iska a duk inda kaya suke da nauyi da arha, ba sa lalacewa, ba a gaggawar isarsu, kuma hanyar tana da tsawo da iska mai ƙarfi. Kamfanin F. Laeisz na Hamburg, wanda ya sa aka ƙera Pamir, ya sami irin waɗannan kaya a gaɓar tekun Chile. Jiragen kamfanin sunayensu da harafin P suke farawa, kamar Potosi da Preussen da Peking da Passat, kuma sun yi suna wajen sauri da cika alkawarin lokaci, abin da ba a saba gani ba ga jirgin da iska ce ke yanke masa ranar isowa.

Kayan su ne gishirin naitiret da ake haƙowa a hamadar Atakama, wanda manoman Turai ke yin taki da shi, masana'antun makamai kuma suna haɗa albarushi. Tasoshin da ake ɗaukarsa, irin su Iquique da Pisagua da Taltal, garuruwa ne na ƙeƙasasshiyar ƙasa inda ake shekaru ba a ga ruwan sama ba, kuma babu gadar da babban jirgi zai jingina. Jirgi yakan jefa anga a can nesa da gaɓa, a riƙa kawo masa buhuna cikin manyan kwale-kwale, a ja su sama a zura cikin rumbu. Yadda ake jera su ilimi ne mai zaman kansa. Gishirin yana da nauyi ƙwarai, ta yadda jirgi zai kai iyakar abin da zai iya ɗauka alhali rumbunsa bai cika ba. In aka baje buhunan a ƙasa, nauyi duka zai taru a gindi, jirgi ya yi tauri, ya riƙa dawowa da fizga duk lokacin da igiyar ruwa ta karkata shi, har ginshiƙansa su karye. Saboda haka ake jera su kamar dala, gindi da faɗi, sama da tsini, domin nauyin ya ɗan hau sama. Bayan 'yan kwanaki gishirin yakan daskare, buhunan su manne da juna su zama kamar dutse ɗaya, kuma kome tsananin guguwa ba sa motsi.

Daga Hamburg zuwa Chile sai an kewaya Cape Horn, ƙarshen kudancin Amurka ta Kudu, inda iskar yamma ke kaɗawa kusan duk shekara ba abin da ya tare ta. Mai tafiya Chile gaba da gaba yake yi da wannan iska, yana saƙa hanya hagu da dama, wani lokaci makonni yana neman 'yan milamilai. Kafin 1914 Pamir ya yi wannan tafiya sau takwas, yana ɗaukar tsakanin kwana 64 zuwa 70 kafin ya isa Valparaíso ko Iquique, kuma mutum talatin da 'yan kai ne ke sarrafa shi. An raba su gida biyu, wasu na aiki wasu na hutu, amma da zarar iska ta tsananta sai a kira kowa. Aikin naɗe filafili a wannan yanki shi ne mutum ya hau sama mita 30 ko 40 cikin duhu da ƙanƙara, ya taka igiya ɗaya da ke lilo a ƙarƙashin sandar gicciye, ya kifa cikinsa a kan sandar, ya riƙa jawo jiƙaƙƙen ƙyalle mai tauri kamar ƙirgi da hannuwa biyu, yana danne abin da ya jawo da cikinsa kafin ya sake miƙa hannu. Yatsu kan tsattsage, ruwan gishiri ya hana su warkewa. In an fito yankin zafi kuma wani aikin ke jira, domin a nan ake sauke sababbin filafilai masu ƙarfi a mayar da tsofaffi masu faci don kada rana ta cinye na kirki, a kankare tsatsa, a shafa fenti, maɗinkin jirgi kuma yana zaune da allura da zare ba ya rasa abin yi. Abinci naman gishiri ne da busasshen biskit da miyar wake, ruwan sha kuwa da awo.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya riski Pamir a hanyar komawa gida da lodin naitiret. A watan Oktoba na 1914 ya fake a tsibirin La Palma na Sifaniya, wadda ba ta shiga yaƙin ba, kuma a nan ya zauna har watan Maris na 1920. Da ya koma Hamburg sai aka miƙa shi ga Italiya cikin diyyar yaƙi. Italiyawa suka rasa ƙwararrun da za su tuƙa shi, suka ajiye shi kusa da Naples yana tsatsa, har kamfanin Laeisz ya sake sayensa a 1924 a kan fam 7,000 ya mayar da shi hanyar Chile. Sai dai kasuwar da ya tarar ba wadda ya bari ba ce. Tun 1913 Jamusawa suka fara haɗa sinadarin taki a masana'anta ta hanyar da masana kimiyya Haber da Bosch suka gano, mashigin Fanama kuma ya buɗe a 1914 ya gajarta wa jirage masu inji hanya. Karayar tattalin arzikin duniya ta 1929 ta ƙarasa abin da ya rage, kuma a 1931 aka sayar da Pamir.

Wanda ya saye shi, Gustaf Erikson, mutumin Mariehamn ne a tsibiran Åland na Finland, kuma shi ne attajiri na ƙarshe da ya riƙe rundunar manyan jiragen iska yana cin riba. Dabararsa ba ta da wuyar fahimta, kwaikwayonta ne ke da wuya. Yakan sayi jirgi a farashin da bai wuce na ƙarfen jikinsa da yawa ba, yawancinsu ba ya yi musu inshora, gyara kuma ma'aikatansa ne ke yi da hannunsu. Ma'aikatan ba su cika kaiwa talatin ba, akasarinsu samari ne, albashinsu kaɗan, saboda a lokacin Finland da wasu ƙasashen arewacin Turai ba sa ba mutum takardar zama hafsan jirgi sai ya yi wani adadin watanni a jirgin iska. Wasu samarin daga ƙasashen waje ma su ne ke biyan kuɗi a ɗauke su koyo. Amma kyaftin-kyaftin ɗinsa da manyan hafsoshinsa mutane ne da suka tashi cikin wannan aiki tun suna yara, kuma a ganina wannan shi ne jarin Erikson na gaskiya, ya fi jiragen kansu daraja.

A hannunsa Pamir ya koma dakon alkama daga kudancin Ostareliya. Jirgi yakan bar Turai ba kaya, sai yashi ko duwatsu da ake zubawa a gindinsa don kada ya kife, ya bi ta ƙasan Afirka, ya isa mashigin Spencer bayan wata uku ko kusa da haka. A ƙananan tasoshi irin su Port Victoria da Port Germein da Wallaroo ake loda alkamar, buhu bayan buhu, dubun-dubatarsu, kuma aikin kan ɗauki makonni. Jinkirin nan da zai karya mai jirgin inji bai dami Erikson ba, tun da kuɗin da jirginsa ke ci a rana kaɗan ne, su kuma dillalan hatsi suna ɗaukar watannin tafiyar a matsayin ajiya kyauta. Daga nan sai a bi iskar yamma a kewaya Cape Horn, a haura Atilantika zuwa Falmouth a Ingila ko Queenstown a Ailan, inda ake sanar da kyaftin tashar da zai kai kaya, domin sau da yawa an sayar da lodin tun jirgi yana tsakiyar teku. Tafiya ɗaya ke nan a shekara, kuma kowace tafiya kewaya duniya ce. Jaridun Birtaniya suka mayar da abin tsere, ko da yake jiragen ba rana ɗaya suke tashi ba, kuma a 1932 Pamir ya yi kunnen doki da wani jirgi mai suna Parma a matsayi na ɗaya da kwana 103.

Yaƙin Duniya na Biyu ya same shi a Wellington, babban birnin New Zealand. Ya shigo da taki daga tsibiran Seychelles a daidai lokacin da Finland ta shiga yaƙi da Tarayyar Sobiyet a ɓangaren Jamus, sai gwamnatin New Zealand ta ƙwace shi a ranar 3 ga Agusta, 1941. Ya yi tafiya goma da tutarta, biyar zuwa San Francisco, uku zuwa Vancouver, a shekarun da ƙarancin jirage ya sa duk abin da ke iya yawo a kan ruwa yake kawo kuɗi. A watan Nuwamba na 1948 aka mayar da shi ga iyalan Erikson, wanda ya rasu shekara guda kafin nan. Ya loda sha'ir cikin buhuna a Port Victoria, ya wuce Cape Horn a ranar 11 ga Yuli, 1949, ya isa Falmouth bayan kwana 128. Shi ne jirgin iska marar inji na ƙarshe da ya kewaya wannan wuri da kayan kasuwa. Albashi ya tashi, dokokin aiki sun ƙaru, kuma ɗan Erikson ya ga lissafin ba ya fita. A 1951 masu farfasa jirage na Beljiyam suka sayi Pamir da Passat a kan fam 40,000.

Wani ɗan kasuwar Jamus, Heinz Schliewen, shi ya fanshe su daga bakin guduma. Ya sa musu injin taimako da na'urorin sadarwa, ya ƙara ɗakunan kwana, da niyyar su riƙa dako suna kuma horar da ɗalibai. A 1952 Pamir ya kai siminti Barazil ya dawo da tama, amma ba a daɗe ba Schliewen ya karye, daga baya wata gidauniya ta masu jirage wajen 40 ta karɓi jiragen biyu. Suka riƙa zirga-zirga tsakanin Hamburg da gabashin Amurka ta Kudu, ba sa zuwa Cape Horn. A ido, tsohon jirgi ya sami sabuwar rayuwa. A zahiri kuwa abubuwa biyu da suka riƙe shi shekara da shekaru sun fara zamewa. Na farko, hafsoshin da suka san jirgin iska mai ɗauke da kaya sun tsufa ko sun mutu, matasa kuma sun fi son jirage masu inji inda albashi ya fi tsoka. Na biyu, kasuwar hatsi ta bar buhu, ta koma zuba hatsi tsurarsa cikin rumbu da inji, saboda ya fi sauri da arha.

Duk wanda ya taɓa cika kwano da gero ya girgiza shi ya san cewa hatsi yana zama, ya bar sarari a sama. Haka yake yi a rumbun jirgi bayan makonni ana jijjiga shi. Jirgi mai inji a miƙe yake tafiya, yana rangaji hagu da dama. Jirgin iska kuwa a karkace yake tafiya, wani lokaci kwanaki a gefe ɗaya, gwargwadon inda iska ta fito. In ya karkata sosai, hatsin da ya sami sarari sai ya gangara gefen da ke ƙasa, kuma ba ya komawa, sai jirgin ya ƙara karkata, wani hatsin ya sake biyo baya. Maganin da aka sani shi ne a raba rumbu da katangar katako a tsaye, a tura hatsi cikin kowane lungu har ya cika maƙil, sannan a danne samansa da buhuna.

A watan Agusta na 1957 Pamir yana Buenos Aires a Ajantina yana lodin sha'ir, leburorin tashar kuma suna yajin aiki, don haka ma'aikatan jirgi da ɗalibai da wasu waɗanda ba sana'arsu ba ce suka yi aikin baje hatsin cikin ƙura mai shaƙe numfashi. An loda tan 3,780, kusan duka tsurarsa, buhunan da aka ɗora a sama tan 255 ne kacal. Har babban tankin da ke gindin jirgi, wanda aka tanada don a cika shi da ruwa in ana neman daidaito, shi ma sha'ir aka zuba masa. Kyaftin na dindindin, Hermann Eggers, ba shi da lafiya, aka kawo Johannes Diebitsch ya riƙe masa. Diebitsch ya yi aiki a Pamir yana saurayi, ya kuma jagoranci jiragen horo, amma bai goge da jagorancin babban jirgin iska mai lodi ba, babban mataimakinsa kuma shekararsa 29. A ranar 10 ga Agusta suka tashi zuwa Hamburg da mutum 86, sama da 50 daga cikinsu ɗalibai, da yawa 'yan shekara 16 zuwa 18.

Da safiyar 21 ga Satumba, kimanin kilomita 1,100 kudu maso yammacin tsibiran Azores, mahaukaciyar guguwar da aka sa wa suna Carrie ta afka musu. Guguwar ta yi kwanaki tana yawo a Atilantika, ana kuma watsa gargaɗi a kanta ta rediyo, amma ta tarar da Pamir da filafilai a buɗe, ƙofofi da tagogin ɗakuna ba a gama toshe su ba. Jirgin ya kwanta ta hagu. Wasu filafilan iska ta yayyage su, wasu ma'aikata suka yanke da wuƙa don a rage matsi, amma bai miƙe ba, domin sha'ir ya riga ya gangara. Ruwa ya shiga ta ƙofofin da suka nutse, aka aika saƙon neman agaji, kuma da misalin ƙarfe ɗaya na rana jirgin ya kife, ya ɗan jima cikinsa a sama, sannan ya nutse. Karkatar ta hana a sauke kwale-kwalen ceto yadda ya kamata, waɗanda ruwa ya tsinko kuma sun farfashe, babu isasshen ruwan sha a cikinsu. Jirage sama da 70 na ƙasashe daban-daban suka yi kwana tara suna nema. Wani jirgin dakon Amurka mai suna Saxon ya tsinci mutum biyar bayan kwana biyu, washegari jirgin masu gadin teku na Amurka, Absecon, ya tsinci mutum ɗaya, wanda shi kaɗai ya rage cikin duk waɗanda suka hau kwale-kwalensa. Mutum 80 suka mutu, har da kyaftin da dukan hafsoshinsa.

Kotun binciken haɗurran teku ta birnin Lübeck a Jamus ta yanke hukunci a farkon 1958. Ta ɗora alhakin a kan yadda aka loda sha'ir, da cika tankin ruwa da hatsi, da jinkirin rage filafilai, da barin ƙofofi a buɗe, wanda ke nufin yawancin laifin ya faɗa kan kyaftin da ba ya raye balle ya kare kansa. Ɓangaren masu jirgin ya yi jayayya cewa ƙarfin guguwar ne ya fasa jikin jirgin ruwa ya shiga, kuma ko wane ne ke riƙe da shi haka za ta faru. Daga baya an kuma yi ta nuni da cewa gidauniyar tana fama da ƙarancin kuɗi, kuma jirgin mai shekara 52 yana bukatar gyaran da aka yi ta ɗagewa. Ni dai ina ganin bayanin kotun a kan lodi ya fi ƙarfi, amma tsayar da zargi a kan mutum ɗaya ya yi wa sauran sauƙi da yawa. Ba Diebitsch ne ya yanke cewa jirgin da aka ƙera don buhu ya ɗauki hatsi tsurarsa ba, ba shi ne ya haɗa wa mai kula da rediyo aikin akawun jirgi a kan nasa ba, kuma ba shi ne ya ga ya dace a tura yara sama da 50 teku da hafsoshin da ba su kai na zamanin Laeisz ko Erikson gogewa ba. Waɗannan shawarwari a ofis aka yanke su, kuma kowace ɗaya daga cikinsu dalilinta rage kashe kuɗi ne.

Abin da ya ƙarfafa bayanin kotun ya faru ne makonni kaɗan bayan haɗarin. Passat ya taso daga Buenos Aires da irin wannan lodi na sha'ir, guguwa ta same shi a Atilantika a watan Nuwamba, hatsinsa ya gangara, ya kwanta a gefe ɗaya. Kyaftin ɗinsa, Helmut Grubbe, ya sa aka buɗe wa tankin gindi ruwa duk da hatsin da ke ciki, jirgin ya ɗan miƙe, ya lallaɓa da ƙyar ya shiga Lisbon, inda aka sake jera kayan kafin ya ƙarasa Hamburg. Bai ƙara ɗaukar kaya ba. Birnin Lübeck ya saye shi a 1959, kuma har yau yana ɗaure a Travemünde ana shiga kallonsa. A cikin garin Lübeck kuwa, a majami'ar Jakobi wadda tun da can ta matuƙan jirage ce, an ajiye kwale-kwalen ceto mai lamba 2 na Pamir kamar yadda aka tsamo shi, gefensa a fashe, kuma an rubuta sunayen mutum 80 ɗin a kusa da shi.